Yadda Na Goge Ƙafafun Kibod Don Mama Ta Yi Magana

Shekarun baya, lokacin ina zaune da mahaifiyata a gidanmu na Inkil, na taɓa kwashe kwanaki ina goge wasu 'yan ƙarafa da ba su kai tsinken sakace kauri ba. Duk wanda ya shigo gidan ya same ni a kan tabarma na sunkuya da magagari a hannu, sai ya ja matata gefe ya tambaye ta ko lafiyata ƙalau. Ban ga laifinsu ba. Bari dai in ɗauko muku zancen daga tushe.

Mahaifiyata ma'aikaciyar gwamnati ce, mai buga tafireta. Tun tana budurwa ta fara, a kan wannan kujerar kuma ta yi ritaya. Muna yara idan muka biya ofishinsu bayan an tashi makaranta, tun daga bakin ƙofa muke gane bugunta a cikin na sauran matan, don nata ba ya tsayawa. Tana bugu tana hira da ta kusa da ita, ko kallon hannunta ba ta yi. Ga ta da magana, ga faɗa. Idan Mama tana gida, har maƙwabta sun sani.

Wata safiya hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi. Likita ya ce hankalinta yana nan daram, muka ce to, amma a zuci ban san ko mun yarda ba. Idan ta buɗe baki sai wani sauti ya fito wanda ba ka iya raba kalma da kalma. Sai mu hau canka: "Ruwa? Filo? A juya ki?" Har ta gaji da mu ta mai da fuska bango. Hannun hagun da ya rage dama yana da sanyin ƙashi, ga rawa. Mun ba ta biro, ta yi zane kamar na ɗan raino. Mun ba ta waya, yatsa ɗaya ya danna haruffa uku.

A nan rigima ta tashi tsakanina da yayana. Shi a Kaduna yake, matarsa nas ce, kuma kusa da gidansa akwai wurin da ake yi wa masu irin wannan ciwo gashi da motsa jiki. Ya ce zai tafi da ita. Ni kuwa na ce a gabana ba mai fitar da Mama daga ɗakin da ta yi aure a ciki, ta haife mu a ciki. Mun tambaye ta kam. Na ce, "Mama, kina son zama a nan?" Ta gyaɗa kai. Yaya ya ce, "Mama, za ki bi ni?" Ta sake gyaɗa kai, sai hawaye. Na ce ka gani, ba ta so. Ya ce kuka take don na hana ta magani. Kowa ya fassara hawayen yadda ya yi masa daɗi. Ƙarshe ya bugo waya ya ce Asabar ta sama zai zo da mota, ko ina so ko ba na so. Abin da na mayar masa ba zan iya rubuta shi a nan ba, don yaya yaya ne.

Mama tana da wata ƙawa, Kirista ce daga wajen Tafawa Ɓalewa, tare suka yi aiki a ɗakin bugu ɗaya. Ita ma Mama muke ce mata. Kusan kullum da yamma tana zuwa ta zauna tana yi wa maras lafiya hira, ita kaɗai tana tambaya tana ba kanta amsa. Ranar da ta ji labarin rigimarmu ta dube ni sama da ƙasa.

"Ku yaran nan kuna ba ni mamaki," ta ce. "Matar da ta yi rayuwarta tana magana da yatsu, kun miƙa mata biro? Ku ba ta abin bugu mana!"

Washegari ta zo da tsohuwar tafiretarta a Keke Napep. Mama ta shafa ta, ta yi murmushi da rabin baki, amma ko harafi ɗaya ba ta iya turawa ba, ƙarfen ya fi ƙarfinta. Na kawo laftof, maɓallansa a shafe suke, yatsunta suka riƙa zamewa. Sai na tuna da kibod ɗina.

Ku da kuka san ni kun san cutata. Aikina tsara takardu da zane a kwamfuta, kuma na daɗe da kamuwa da son irin kibod ɗin nan mai dogayen maɓallai, mai ƙara, wanda matata take kira injin niƙa. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai wani ɗan akwati mai sifirin a ciki, suwic ake ce masa, yana da ƙafafu biyu na ƙarfe da suke shiga ramukan da ke jikin kibod ɗin. Daɗin irin nawa shi ne kana iya zare suwic ka soka wani, ba sai an narka dalma ba. Ina yawan yi wa mutane wannan bayanin ko ba su tambaya ba.

Na ɗora shi a kan faranti a cinyar Mama. Hannunta na hagu ya tafi da kansa ya sauka a layin tsakiya, kowane yatsa a gidansa, ita kuwa idonta a rufe. Ta danna. Manuni ya tura sau ɗaya, sau biyu, sai ya hau rawa. Ƙaramin yatsa kuwa ko motsa maɓallin bai yi ba, ga shi harafin "a" a ƙarƙashinsa yake. Na ce ta gwada da yatsa ɗaya, ta harare ni, ta dai gwada, amma da ta ɗaga hannun sai rawar ta kai shi wani wurin. Sifirin ɗin ya yi mata tauri. Ta yi ta fama har gumi ya keto mata, ba kalma ko ɗaya da ta karantu. Ta ture farantin.

Ban tsaya ba, na hau mashin sai wurin wani abokina ɗan kudu mai shagon kayan kwamfuta a kusa da kasuwar Muda Lawal. Na ce ina son suwic mafi laushi da ake yi a duniya, wanda ko ƙuda ya sauka a kai zai rubuta. Ya buga waya Legas, aka sako su a mota. Da suka iso a 'yar leda na taho gida ina ta sauri kamar wanda ya ɗauko maganin ciwon gaba ɗaya.

Na zare tsohon suwic, na ɗauki sabo, na soka. Ya ƙi. Na juya shi, ya ƙi. Na ce yau ni za ka gwada wa taurin kai? Na danna da babban yatsa da ƙarfin tsiya, sai na ji wani abu ya ba da kai. Da na zaro, ƙafar ta lanƙwashe ta kwanta.

Na koma shagon da kibod ɗin a hammata. Abokina ya ɗaga tsoho da sabo ya kalle su a hasken ƙofa, ya girgiza kai.

"Oga, kibod naka ramin shi ƙarami ne," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Wannan suwic ƙafan shi ya yi kauri. Kuma duba, yana da ƙafan roba biyu ƙari, naka ba shi da wurin su. Ba gida ɗaya suka fito ba."

"To a sayo wani kibod ɗin da za su shiga."

"Kafin ya zo, Asabar ya wuce."

Na zauna a kan bencinsa na riƙe kai. Can ya buɗe durowa ya ɗauko wani ɗan magagari siriri da guntun sanfefa. Ya ce ya taɓa ganin masu wannan harkar suna yanke ƙafafun robar, su goge na ƙarfen har su shiga, amma shi bai taɓa yi ba. "A hankali fa. Ka ci da yawa, zai yi lako-lako, ba zai rubuta ba. Ka ci kaɗan ka tura da ƙarfi, ka fasa ramin, kibod ya mutu." Ina fita ya ɗaga murya: "Ka gaida Mama! Muna sa shi a addu'a."

Haka na zama maƙeri. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin Mama inda haske ya fi, na karɓi abin yanke farcen matata na datse ƙafafun robar, wannan ba wuya. Gogar ƙarfen ita ce aikin. Na farko na ci shi da yawa, ya faɗa ramin yana rawa, na danna ba abin da ya fito a allo. Na biyu ya karye a hannuna. Na uku ma haka. Na dubi ledar, rarar da ke ciki 'yar kaɗan ce, idan na ci gaba da wannan ɓarnar wasu haruffan za su rasa. Wallahi sai da na ji tsoro.

Sannu a hankali hannu ya gane. Sai ka tokare ƙafar da babban yatsa ta baya don kar ta lanƙwashe, ka ja magagarin gefe ɗaya kawai, ba kai da kawowa ba, ka hure, ka shafa sanfefa, ka gwada a bakin ramin ba tare da ka tura ba. Idan ta tsaya, ka ƙara kaɗan. Idan ta yi daidai za ka ji ta shige da ɗan riƙo, ƙis, kamar maɓallin riga ya shiga gidansa. Ran da na fara jin wannan ƙis ɗin, na danna harafin ya fito a allo, ihun da na yi sai da kajin gidan suka watse. Fatar babban yatsana kuwa rabinta ta bi magagari. Matata ta kawo min abinci ta ce, "Idan ka gama akwai wuƙata ma tana son wasawa."

Duk wannan Mama tana kwance tana kallona. Idan na fara gaggawa sai in ji ta yi gyaran murya, in ɗago in ga ta zuba min ido irin na da. Sai in sassauta. A raina ina cewa, Mama, ki ƙara haƙuri, na kusa ba ki bakin da za ki kori Yaya da shi. Ko kaɗan ban yi shakkar abin da za ta faɗa ba.

Haruffa kawai na canza, sai dogon maɓallin tazara da na gogewa. Na ƙarshe ya zo min ranar Asabar da hantsi, Yaya yana hanya, ledar kuma ta ƙare. Shi ma na ɗan zarce da shi, yana kamawa yana saki. Na ɗauki filaya na ɗan karkata ƙafar yadda za ta jingina da bangon ramin, na yi bisimilla na soka. Ya kama.

Yaya ya iso bayan azahar. Muka gaisa sama-sama. Ƙawar Mama tana nan, matata tana tsaye a bakin ƙofa. Na gyara tsayuwa na ce, "Yaya, yau ba ni zan yi magana ba. Mama ce za ta faɗa maka da kanta." Ya kalle ni kamar na zare. Muka jingina ta da filo, na ƙara girman rubutun laftof ɗin, na ɗora mata kibod a cinya.

Hannun ya sauka a layinsa. Ƙaramin yatsa ya taɓa, maɓallin ya nutse kamar ba komai. Ta tsaya, ta sake taɓawa. Sai ta ja dogon numfashi.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Da farko ɗaya-ɗaya take yi, taf, taf. Sai ya fara haɗuwa. Hannu ɗaya ne, na hagu, mai rawa, amma idan harafin yana ɓangaren dama sai ka ga hannun ya ja jiki ya tsallaka ya ɗauko shi ya dawo mazauninsa, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta sunkuyar da kai ba. Idonta yana kanmu. Ƙawarta ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu!" Yaya ya zame daga kan kujera ya durƙusa a gaban gadon yana ta faɗin ikon Allah, ikon Allah. Ga abin da ya fito a allon:

"Ku zauna dukanku. Kun cika min kunne."

Muka zauna. Manya da mu, muka zube a ƙasa kamar 'yan aji ɗaya. Ta juya ido wajen matata ta buga: "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma kunun nan sukarinsa yana yawa." Matata ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka.

Ni kuwa na ƙagu. Na ce, "Mama, gaya masa. Gaya masa ba inda za ki."

Ta dube ni. Sannan ta buga: "Zan bi yayanka."

Na karanta, na sake karantawa. Kun san abin da na yi? Hannu na miƙa zan duba kibod ɗin, wai ko wani suwic ɗin ne bai kama ba ya haɗiye wasu haruffa. Ta make min hannu. Ciwo bai rage zafin wannan makewar ba ko kaɗan. Ta ci gaba:

"Yatsana na dama ya fara motsi tun kafin azumi. Kullum ina motsa shi a gabanku. Ba wanda ya kalla, kuna ta faɗa a kaina."

Gaba ɗaya muka mai da ido kan hannun daman da ke ajiye a kan bargo, hannun da muka daɗe da cire rai da shi. Ta ƙura masa ido, jijiyar wuyanta ta tashi. Sai manuninta ya ɗaga, kaɗan, bai fi kaurin ƙwayar shinkafa ba, ya koma. Ya sake ɗagawa. Ni dai ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni kamar wannan ɗan motsin ba.

"Ina son ɗakina," ta buga. "Ina kuma son hannuna. Kun tambaye ni biyu, na amsa biyu. Kukan da nake yi na ganin 'ya'yana ne suna zagin juna a kan gadona."

Yaya ya kifa kai a bakin katifa. Ni ma ban iya ɗaga nawa ba.

Ranar har la'asar tana bugu, ta huta, ta ci gaba. Ashe duk watannin nan ba abin da ya wuce ta. Ta san wanda ya zo dubiya da wanda ya aiko da gaisuwa kawai. Ta maimaita maganar wata 'yar uwarmu da ta tsaya a kanta ta ce wannan kam sai dai addu'a. Ta ba ƙawarta amsar wata tambaya da ta yi mata tun makonnin baya, suka yi ta dariya su biyu, mu ba mu san zancen ba. Ta yi wa matata addu'ar da ta cika allo. Har abokina mai shago ta ce a gode masa, don ta ji lokacin da nake ba da labarinsa a tsakar gida. Ina zaune ina kallon rubutun yana sauka ina cewa a raina, subhanallahi, ashe Mama tana nan gaba ɗayanta, mu ne muke wuce ta da kwanon abinci muna magana a kanta kamar ba ta ɗakin.

Washegari suka tafi Kaduna, kuma can ta zauna. An yi gashin, an sha wuya. Yanzu tana kai cokali baki da hannun dama, tana takawa da sanda. Harshen bai saki sosai ba, don haka har yau da wannan kibod ɗin take aiko min da saƙo, yawanci faɗa ne.

Tun daga lokacin, idan na je duba maras lafiyar da ba ya iya magana, shi nake fuskanta, shi nake gaisarwa, kuma ina kiyaye abin da zan faɗa a gabansa. Ina kuma kallon hannuwansa. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi min ciwo a lokacin. Na goge yatsana har jini don in riƙe ta a gida, sai ga shi da hannuna na buɗe mata hanyar tafiya. Safiyar da za su tashi ina ta ɗaure fuska, ina loda kaya a but ɗin mota ba na kula kowa. An riga an zaunar da ita a mota, kibod ɗin a cinyarta an naɗe shi da zani, sai ta yi alama a kawo laftof. Yaya ya riƙe mata shi, ta warware zanin, ta yi bugunta, ta nuna a juyo min da allon.

"Auta, saki fuskarka. Kai ka buɗe min baki, dole ka ji abin da ke ciki."